Amsoshin Takardunku: Daga Sharaɗa Zuwa Tiga, Yawon Sallah Daban, Zama Daban

 A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa amsarta tana da tsawo, kuma mun lura ba mutum ɗaya ta shafa ba. Ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu da ke unguwar Sharaɗa a cikin birnin Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri ga dukkan ma'aikatan wannan gida. Ni dai na shekara 22 ina aikin masaƙa. Na fara a Bompai, na koma Chalawa, daga ƙarshe na ƙare a Sharaɗa, inda aka rage mu aka ba mu kuɗin sallama. Da ƙaramar Sallar da ta wuce na kai iyalina yawo bakin dam ɗin Tiga, tun daga ranar nan zuciyata ta kwanta da garin. Ga iska mai daɗi, ga kifi da araha, ba hayaƙi, ba warin majema. Shin in sayar da gidana mai ɗaki uku in koma can da zama in kama noman rani? Mai ɗakina ta ce ba ta yarda ba sai na tambaya. Don Allah ku ba ni tarihin wurin, sa'an nan ku ba ni shawara."

To Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah kuma ya musanya maka da abin da ya fi alheri. Ka kuma gaishe mana da uwargida, domin ta yi hankali. Bari mu fara da tarihin tukuna, shawarar za ta biyo baya.

Shi dai dam ɗin Tiga yana cikin ƙaramar hukumar Bebeji ne, kamar kilomita 70 kudu da birnin Kano. In ka tashi daga Sharaɗa ka kama titin Zariya, za ka wuce Tamburawa, ka wuce Kura, sai ka ratse ta wajen Bagauda. An gina shi ne tsakanin 1971 zuwa 1974, zamanin mulkin marigayi Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975. Ana tsakiyar aikin ne fari na 1973 ya auka wa ƙasar Hausa, shanu suka mutu, rumbuna suka ƙare, abin da ya ƙara nuna wa mutane amfanin tare ruwa. Kogin da aka tare shi ne Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga kudancin jihar ta cikin dajin Falgore. Tsawon bangon da aka tare shi da shi ya kai wajen kilomita 6, tsayinsa mita 48, ruwan kuma in ya cika yakan mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Shi ya sa in ka tsaya a bakinsa sai ka ga kamar teku ne.

Akwai wani abu da masu zuwa yawo ba su cika sani ba. Ƙarƙashin wannan ruwa da kake kallo akwai gonaki da kufai da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa daga ƙauyukansu kafin a tare kogin, aka sake masu matsuguni. Waɗansu dattawan da za ka tarar zaune a gindin bishiya a wannan yanki, da idonsu suka ga ruwa ya cinye gonar ubansu. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa in mun zo maganar sayen gona.

Ba don yawon shaƙatawa aka gina Tiga ba. An gina shi ne domin noman rani da kuma ruwan sha. Daga dam ɗin aka ja babbar hanyar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ta rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, wato abin da ake kira shirin noman rani na Kogin Kano, wanda a zangonsa na farko aka tsara zai shayar da hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke riƙe da shi. Abin sha'awa a nan shi ne ruwan da ƙafarsa yake tafiya, gangare yake bi, saboda haka manomin da gonarsa ke cikin tsarin ba ya bukatar inji, sai dai ya jawo ruwa daga kwata zuwa fangalinsa. Sauran ruwan da ake saki cikin kogi kuwa shi ne ke gangarowa ya haɗu da Kogin Chalawa a wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan famfon da birni ke sha. Shi ma Kogin Chalawa an tare shi a ƙasar Ƙaraye, aka gama wannan dam a 1992. Ke nan Malam, tun kafin ka taka Tiga da ƙafarka, mai yiwuwa ka daɗe kana shan ruwanta a Sharaɗa.

Ban ga laifinka ba da ka yi maganar warin majema. Duk wanda ya zauna kusa da rukunin masana'antun Sharaɗa, ko na Chalawa da ke wajen Fanshekara, ko Bompai wadda ita ce babbar yayarsu, ya san launin ruwan da ke fita daga kamfanonin jima da na rini. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Chalawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya shiga Jakara har zuwa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. Masana a jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa, sun kuma sha yin gargaɗi game da sinadaran da ke cikinsa, musamman ga masu ban ruwan lambu da shi. Mutumin da ya shekara 22 yana shaƙar wannan, ranar da ya shaƙi iskar bakin dam dole ya ji kamar an sauke masa kaya. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da tsadar kayan gyara, da rashin wutar lantarki, da atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa, masaƙu da yawa a waɗannan unguwanni uku suka rufe, waɗansu ma an mai da su ɗakunan ajiyar kaya. Ma'aikata da dama sun koma ƙauyukansu. Bambancinka da su shi ne, su gida suka koma, kai kuwa baƙunta za ka.

Yanzu sai maganar yawo, tun da akwai masu sauraro da za su so su kai iyali kamar yadda ka yi.

A gaskiya wurin ya cancanci a je. Akwai shiga kwalekwale, akwai kamun kifi da fatsa ga mai haƙuri, akwai hawan duwatsu, musamman ta ɓangaren Rurum da Rano, ita Rano kuwa kun san tana cikin Hausa Bakwai. Da hunturu tsuntsaye kan zo daga nesa su sauka bakin ruwa, wanda ya yi sammako zai gan su. Kifi kuma, ƙarfasa da tarwaɗa, a gabanka za a fito da shi a soya maka. A kan dutse akwai otal ɗin Rock Castle da aka gina tun zamanin Audu Baƙo, can baya kuma akwai tafkin Bagauda, wanda otal ɗinsa ya yi tashe a da, daga baya aka mai da wurin makarantar koyon aikin lauya. Shawarata ita ce ka je da safe ka dawo da yamma, ko kuwa ka tabbatar da masauki tun kafin ka tashi, kada ka dogara da labarin wanda ya kwana can shekaru ashirin da suka wuce. Dajin Falgore kuwa, wanda ke gaba a kan hanyar Jos, gandun namun daji ne na gwamnati, amma ya yi fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka kafa wurin horo a cikinsa. Ba wurin da mutum zai kutsa da iyali ba ne ba tare da izini da ɗan rakiya ba.

Abu biyu nake so in ja kunne a kansu. Na farko, jirgin ruwa. Ranar Sallah mai kwalekwale yana ganin kasuwa ta buɗe, sai ya yi ta loda mutane, su kuma 'yan birni ba wanda ya iya iyo. Ba mu manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ba, inda jirgi ya kife da mutane, aka rasa rayuka fiye da 20, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. In ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, sauko da 'ya'yanka, ko da ka riga ka biya. In akwai rigar ruwa a saka, kada a ji kunya. Kada kuma a shiga da magariba ko in hadari ya taso.

Na biyu, tsargiya. Wannan ciwo yana da yawa a duk inda ruwa ke kwance ko yake tafiya a hankali, kamar gefen dam da hanyoyin ban ruwa. Ƙwayar cutar tana zaune ne a jikin waɗansu ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shige, ba sai ya sha ba. Bayan 'yan makonni ko watanni sai a ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshe. A waɗansu ƙauyuka har gobe ana cewa wai alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa yana nan a asibiti, sunansa praziquantel, kuma gwargwadon nauyi ko tsawon mutum ake ba da shi, saboda haka kada a saya a kasuwa a sha da ka. Malam, in yaranka sun yi wanka ran nan, ka sa ido.

To, mu zo kan babbar tambayar. In sayar da gida in koma? Amsata a taƙaice ita ce a'a, ba yanzu ba. Ga dalilaina.

Ka ga Tiga ne ranar Sallah, kowa ya ci ado, an yi girki, aljihunka da kuɗi. Ba ka gan ta a watan Agusta ba, lokacin da hanyar gona ta zama taɓo, sauro ya yi yawa, hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Ba ka kuma gan ta da daren da yaro zai tashi da zazzaɓi mai zafi ana neman motar da za ta kai shi babban asibiti ba. Wanda bai ga damina ɗaya da rani ɗaya a gari ba, bai san garin ba.

Sa'an nan maganar gona. Mutane da yawa suna zaton da ka zauna kusa da dam shi ke nan ka sami ruwan noma. Ba haka ba ne. Gonakin da ruwa ke zuwar masu da kansa suna can gangare, wajen Kadawa da Kura da Bunkure, kuma kowace tana da mai ita, tsadarsu kuwa ba ta kama da ta gonar tudu ba. Wadda ke wajen tsarin sai da injin ban ruwa, inji kuwa sai da fetur, kowa kuma ya san inda kuɗin fetur ya kai tun da aka janye tallafi a 2023. Mai sayar maka da gona da araha a wannan yanki, tambayi kanka me ya gani. Ko dai tana can ƙarshen hanyar ruwa inda ba ya isa sai an yi faɗa, ko ta yi kanwa saboda ruwa ya daɗe yana kwanciya a cikinta, ko kuwa gonar gado ce da ba a raba ba, ka biya ɗaya, bayan shekara biyu 'yan'uwansa su fito. Na ce ka riƙe maganar waɗanda aka tasa. Mutanen da suka taɓa rasa ƙasa ba su sakin ta da wasa, kuma suna da gaskiya.

Ni kaina na san wani abokin aikina da ya yi irin wannan gaggawa a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ya biya kuɗin gona a gaban shaidu biyu waɗanda dillalin ne ya kawo su, bai je wurin mai unguwa ba, bai je wurin dagaci ba. Da ya zo share ta sai ya tarar da wani yana huɗa, ashe jingina aka ba shi tun shekara uku. Har yau maganar ba ta mutu ba.

Saboda haka in za ka yi, bi ta ƙofa. Fara da gaishe da mai unguwa da dagaci, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Nemi haya ko aro na shekara ɗaya, kada ka wuce kadada ɗaya. In daga baya ta kai ga saye, a tara magada duka, a zagaya iyaka da maƙwabtan gona, a rubuta, dagaci ya sa hannu, sa'an nan ka nemi takardar ƙaramar hukuma, domin a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce ke ba da takardar filin karkara. In gonar tana cikin tsarin noman rani, akwai kuɗin ruwa da ake biya, akwai kuma ƙungiyar masu amfani da ruwa da ke raba shi da yashe kwata, sai ka shiga ka kuma fita aikin gayya in an kira.

Shi kansa noman rani ba ƙaramin ilmi ba ne, manoman da ke sauraronmu za su shaida. Alkama tana son sanyi, in ba ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafi zai riske ta tana fidda kai, ka girbe ƙaiƙayi. Tumatir kuwa kasuwarsa ce ke kashe mutum. Kowa tare yake dasawa, tare yake nuna, sai ka je Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka ga kwanduna jere har ba wurin taka ƙafa, kuɗin kwando bai biya ɗiba da mota ba, dole a yanka a shanya a yi kauɗa. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a wannan yanki cikin 'yan kwanaki, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda a shekarar aka buɗe shi, ya tsaya don rashin abin sarrafawa. Shinkafa ma ga jan baki, sai an kwana ana kora. Wanda ya gaji noma ya san yadda zai raba ƙafa, ya sa albasa nan, masara can. Wanda ya zuba kuɗin gidansa gaba ɗaya a fangali ɗaya, shekara guda ta ishe shi.

Amma kada ka ce na kashe maka gwiwa. Akwai abin da kake da shi wanda garin ke nema, kai kuma ba ka ambace shi a takardarka ba. Mutumin da ya shekara 22 a gaban inji ya san ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya. A ƙasar noman rani kuwa injin ban ruwa, da injin casar shinkafa irin na Kura, da injin niƙa, kullum cikin lalacewa suke, mai gyara na kirki kuma ba shi da yawa. Da za ka ɗauki kaɗan daga kuɗin sallamarka ka kama shago haya, ka zuba kayan gyara da ka san inda ake samunsu da sauƙi a Kano, ka riƙa gyara, da ka sami abin cefane tun daga makon farko, ka kuma san mutane. Manomin da ka gyara wa inji ranar da shukarsa ke ƙishirwa, shi ne zai nuna maka gona ta gari, ya kuma gaya maka wadda za ka guje wa. Ta nan ne noman zai shigo a hankali.

Gidan Sharaɗa kuwa bar shi. In ya kama, ba da ɗaki ɗaya ko biyu haya, kuɗin ya riƙa taimakon iyali. Gidan birni in ka sayar, da wuya ka sake mallakar irinsa. Ka fara tafiya kai kaɗai, ka kama ɗaki, ka riƙa zuwa gida ran Juma'a, tun da tafiyar ba ta kai ta kwana ba. Kafin ka kwashe iyali, je da ƙafarka ka duba makarantar da yara za su shiga, ta boko da ta allo, ka ga ko akwai malamai a aji. Duba asibitin garin, ka tambaya ko ana karɓar haihuwa da dare. Ka kuma zauna da uwargida ku yi magana ta gaskiya, domin kai za ka fita shago da majalisa, ita ce za ta wuni a gida cikin mutanen da ba ta sani ba, nesa da danginta, in kuma tana da 'yar sana'arta ta cikin gida, masu sayenta suna Sharaɗa. Kai ta ta yi mako guda a can ba lokacin Sallah ba, sa'an nan ka ji ta bakinta.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ina da 'yar magana da ku mutanen Tiga da Rurum da Bagauda da sauran garuruwan bakin ruwa, manoma da masunta da 'yan kasuwa. Waɗannan baƙi da ke zuwa maku da Sallah da ranakun hutu kasuwa ce Allah ya kawo har ƙofar gida. Mai kifi, mai rake, mai fura da nono, mai kankana, kowa yana iya samu. Sai dai baƙon da aka ninka wa kuɗi don an ga motarsa, ba ya dawowa, kuma zai gaya wa goma. Sarkin ruwa da masu jirage su tsai da adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, su kuma hana yara tuƙi ranar cunkoso. Ku kuma baƙi, leda da kwalaben da kuke zubarwa a bakin ruwa, su ne ke toshe hanyar ruwan wani, dabbar wani kuma ta ci ta mutu. Kada a ratsa shukar mutane don ɗaukar hoto, kada a ɗauki hoton matan aure a bakin rafi, in an ga dattijo a yi sallama.

Malam mai takarda daga Sharaɗa, da fatan ka gamsu. In Allah ya kai mu baɗi war haka, ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda ka ga daminar Tiga, za mu karanta wa jama'a. A mako mai zuwa kuma za mu ɗauki takardar wani mai sauraro daga ƙasar Haɗeja, wanda yake tambaya game da ciyawar kacalla da ta toshe masu kogi, da kuma alaƙarta da waɗannan madatsai biyu da muka ambata yau.